Ra'ayi: Wanda ya yi nutso a teku ya bar wa jikinsa kwana guda kafin ya hau jirgin sama

Daga Dogarawa zuwa bakin teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 800. Ruwan da ɗan Galmi ko Malbaza ko Tsernawa ya tashi ya sani shi ne na rijiyar garka, da tabkunan da damina ke bari, da madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Maggiya, waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Birnin Konni. Don haka ba laifi idan mutumin wannan yanki ya ji ana maganar nutso a teku da hawan jirgin sama ya ce wannan zancen Turawa ne.

Sai dai jihar Tawa ta daɗe da yin suna wajen 'yan bida. Kakanni sun taka zuwa Abijan da Legas da Kwatano, iyaye sun ƙara da Libiya da Aljeriya, 'ya'ya kuma yanzu suna Jidda da Dubai da Alƙahira, wasu na karatu, wasu na fatauci, wasu na aikin ƙarfi. Albasar Galmi da kanta ta kai 'yan kasuwar yankin garuruwan bakin teku. A cikin waɗannan matasa akwai waɗanda suka fara samun abin hannu, suna zuwa yawon amarci Zanzibar, ko su tsaya Sharm el-Sheikh da Hurghada a bakin Bahar Maliya, ko su ƙara kwana biyu a Jidda bayan Umara. Wanda ke bin TikTok da Instagram ya sha ganin hoton: saurayi ko amarya sanye da baƙar rigar roba, tukunyar iska a goye, kifaye masu launi na kewaya su. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne ƙarfe nawa jirginsu zai tashi.

A nan matsalar take. Mutumin da ya shaƙi iskar tukunya a ƙarƙashin ruwa yana fitowa da wata iska narke a jininsa da tsokarsa, kuma tana buƙatar lokaci kafin ta fita. Idan ya hau jirgin sama kafin ta gama fita, tana iya zama kumfa a cikin jiki. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa. Amma ga matafiyin da zai sauka a Yamai ko Kano ko Sakkwato, sannan ya shiga mota ya nufi Konni ko Illela, abin da ya dace shi ne awa 24 cif, kuma kamfanonin da ke sayar masa da tikiti da masauki su ne ya kamata su fara gaya masa haka.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin 100 nata naitrojin ce, kashi 21 oksijin. Jiki yana amfani da oksijin, ita kuwa naitrojin shiga take ta fita ba ta aikin komai. A cikin teku, kowace mita 10 da mutum ya nutsa tana ƙara masa nauyi daidai da nauyin dukkan iskar da ke kansa a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Tukunyar da ke bayan mai nutso tana ba shi iska da irin wannan matsin, in ba haka ba ƙirjinsa ba zai iya buɗewa ba. To gwargwadon ƙarfin matsi, gwargwadon yawan naitrojin da ke narkewa a jini, daga nan ta wuce cikin tsoka da kitse da gaɓoɓi. Misalin da kowa ya sani shi ne kwalbar lemo. Muddin murfi na rufe, ba a ganin komai a ciki sai ruwa. A buɗe a hankali, iskar ta fita da ɗan huci. A girgiza a fincike murfin, kumfa ta yi ambaliya. Mai nutso da ya hau sama a hankali yana fitar da naitrojin ta huhunsa. Wanda ya yi gaggawa, kumfar a cikin jikinsa take tashi, ta toshe ƙananan jijiyoyin jini, ta danne na laka.

Wannan ya bambanta da nutson da aka gada a ƙasar Hausa. Sarkawan da ke gasar nutso a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu numfashi guda suke shiga da shi, su fito da shi. Haka yaran da ke wanka a tabki. Masu haƙar rijiya ma, ko sun yi gaba talatin a ƙasa, matsin iskar da ke kansu bai canza wani abin kirki ba. Abin da ke kashe su shi ne ruftawar ƙasa da gurɓatar iska a gindin rijiya. Wanda ya kwanta a saman ruwa da tabarau da ɗan bututu a baki yana kallon kifi shi ma ba ruwansa da wannan ƙa'ida. Maganar ta shafi wanda ya shaƙi iskar da aka matse alhali yana cikin zurfi.

Hasali ma ba a cikin masu yawon shaƙatawa aka fara gane ciwon ba. A ƙarni na 19, leburorin da ke haƙa harsashin manyan gadoji suna aiki ne a cikin wasu manyan akwatuna da ake cika su da matsattsiyar iska don kada ruwan kogi ya shigo. Suna fitowa sai wasu su lanƙwashe saboda ciwon gaɓoɓi, daga nan ma ciwon ya samo sunan da masu jin Ingilishi ke kiran sa da shi. Injiniyan da ya jagoranci ginin gadar Brooklyn a birnin New York, Washington Roebling, ya kamu da shi a 1872, ya nakasa har ya koma lura da aikin daga ɗakinsa, matarsa Emily ke kai umarninsa wurin ma'aikata, har aka buɗe gadar a 1883. Bafaranshe Paul Bert ne ya nuna a 1878 cewa kumfar naitrojin ce sanadi, sannan a 1908 John Scott Haldane ya tsara wa sojojin ruwan Birtaniya jadawalin hawowa daki-daki, wanda har yau a kansa ake gini.

Misali mafi kusa kuwa a Najeriya ya faru. Ranar 26 ga Mayun 2013, wani jirgin ruwa mai jan manyan jirage mai suna Jascon-4 ya kife a teku daura da Escravos a yankin Neja Dalta, ya nutse zuwa zurfin kusan mita 30, da mutum 12 a ciki. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya samu wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu da sanyi kusan awa 60, ba abin da ya sa a bakinsa sai kwalbar Coca-Cola guda. Masu nutson da aka turo sun zo ɗaukar gawarwaki ne, sai ɗayansu ya ji hannu ya kama shi. Bidiyon wannan lokaci ya zagaya duniya. Abin lura a nan shi ne abin da suka yi bayan sun same shi. Tsakaninsa da hasken rana mita 30 ce kacal, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba, amma ba su fito da shi ba. Iskar da ya kwana biyu yana shaƙa a matse take, jikinsa ya ƙoshi da naitrojin, fitowa kai tsaye na iya kashe shi. Sai suka sa masa kwalkwalin nutso, suka shigar da shi wata tukunyar ƙarfe da ke riƙe matsi, daga nan aka mayar da shi ɗakin rage matsi a kan jirgin ceto, ya ƙara kwana biyu da wani abu a kulle ana sassauta matsin kaɗan-kaɗan. Shi kaɗai ya tsira a cikin su 12, kuma daga baya ya koyi nutso ya mayar da shi sana'a. Mutumin da ya kuɓuta daga kabarin ruwa aka ce ya ƙara haƙurin kwanaki, ya yi. Abin da ake nema daga ɗan yawon buɗe ido bai kai rabin wannan ba.

To me ya kawo jirgin sama cikin zancen? Jirgin fasinja yana tafiya ne a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, inda ɗan Adam ba zai rayu ba sai an cika cikin jirgin da iska. Amma ba a cika shi ya kai matsin doron ƙasa. Ana barin sa ne daidai da na saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan kashi uku cikin huɗu na matsin bakin teku. Shi ya sa kunne ke toshewa, shi ya sa gorar ruwa ta roba da aka rufe a sama take motsewa idan an sauka. Ga wanda bai yi nutso ba wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya fito daga ruwa da safe, hawan jirgi da yamma tamkar ya ci gaba da hawowa ne daga zurfin teku, a wannan karon kuma ba mai tsayar da shi a hanya.

Alƙaluman awa 12 da 18 ba daga ka aka tsinto su ba. Tsakanin 1992 da 1999, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso ta Divers Alert Network, wadda aka fi sani da DAN, ta gudanar da gwaji a Jami'ar Duke da ke jihar North Carolina ta Amurka. An riƙa sa masu sa kai a ɗakin matsi kamar sun yi nutso, a bar su su huta na wasu awoyi, sannan a rage matsin ya koma na cikin jirgi na tsawon awa huɗu. A gwaji 802 an samu ciwon sau 40. Bayan nutso guda, ba a ga ciwon ba a cikin waɗanda suka jira awa 11 ko fiye. Bayan nutso a jere, sai da jiran ya kai awa 17. A wani taron masana a 2002 aka ɗan ƙara tazara a kan waɗannan, aka fitar da ƙa'idar da makarantun nutso ke koyarwa a yau: awa 12 bayan nutso guda mara zurfin da ke tilasta tsayawa a hanya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya a rana ko na kwanaki a jere, sannan fiye da awa 18 sosai ga wanda ya yi nutson da sai an tsaya daki-daki kafin a fito.

Waɗannan alƙaluma mafi ƙarancin jira ne, kuma waɗanda suka tsara su ba su ɓoye cewa ba su ba da tabbacin kuɓuta ɗari bisa ɗari ba. Mutanen da aka gwada a Duke a bushe suke, a zaune, ba su yi iyo ba, ba su yi kokawa da igiyar ruwa ba, ba su sha rana ba. Mai nutso na gaske yana motsa jiki a zurfi, abin da ke ƙara yawan naitrojin da jiki ke ɗauka. Yana fitowa a gajiye, sau da yawa jikinsa ba isasshen ruwa, kuma rashin ruwa a jiki na cikin abubuwan da likitocin nutso ke lissafawa a matsayin masu ƙara haɗari. Wannan ya shafi mai Umarar azumi kai tsaye. Wani binciken da reshen DAN na Turai ya wallafa a 2015 ya bi masu nutso da suka yi mako guda suna shiga ruwa a tsibiran Maldives, aka riƙa duba zuciyarsu da na'urar hoto a cikin jirgin da ke mayar da su gida. Duk da sun jira awa 24, an ga kumfa a jinin wasu 'yan kaɗan daga cikinsu. Rundunar sojin saman Amurka ma awa 24 ta gindaya wa ma'aikatan jiragenta.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da mutanen wannan yanki, wanda shi ne ya fi nauyi. Bajamushen da ya kamu da ciwon a jirgi yana sauka ne a ƙasar da ɗakunan matsi suke da yawa, da likitocin da suka saba ganin masu nutso. Ɗan Dogarawa kuwa, idan ya sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, akwai kimanin kilomita 420 a gabansa kafin Konni, kusan 500 kafin Galmi. Idan ta Kano ya biyo, ga doguwar hanya ga iyaka. Kowace awa a mota tana ƙara nisanta shi da teku, kuma a bakin teku maganin yake. Maganin ciwon kumfa na asali shi ne a mayar da mutum cikin ɗakin ƙarfe, a ƙara matsi ya kai na zurfin mita 18, a ba shi oksijin zalla, a riƙa sassautawa har kusan awa biyar, wani lokaci a maimaita na kwanaki. Irin waɗannan ɗakuna ana gina su ne inda ake nutso: Sharm el-Sheikh na da nata tun 1993, kamfanonin mai ma suna ajiye nasu a kan jiragen da ke yi musu aiki a teku. Wanda ya jira a otal ya ji alamar ciwo, motar minti kaɗan ce tsakaninsa da magani. Wanda ya ji ta a sararin samaniyar Sahara ya riga ya baro maganin a baya.

Sannan alamomin ciwon suna kama da cututtukan da aka saba da su a gida. Ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu mai zurfi wanda ba ya sauƙi ko an canza kwanciya, kasala mai tsanani, jiri, ƙaiƙayi da wasu tabbai ja-ja a fata, mutuwar yatsu ko jin kamar ana tsira allura, nauyin ƙafa, kasa yin fitsari, sarƙewar numfashi. Matafiyi zai ce gajiyar hanya ce. Uwa za ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ko shawara. Wata gwaggo za ta ce sanyi ne ya kama shi tunda ya shiga teku, idan ƙafa ta fara ja kuma a koma zancen iskokin ruwa ko sammu. Ma'aikacin lafiya a Konni ko Malbaza ko asibitin Galmi, wanda kullum layin da ke gabansa na masu maleriya ne da taifot da amosanin jini, ba shi da dalilin kawo teku a ransa idan ba a gaya masa ba. Ba gazawarsa ba ce. Ba a duba abin da ba a ambata ba. Saboda haka duk wanda ya ji wani abu daban a jikinsa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan nutso, jimlar farko da zai faɗa wa likita ita ce ya shaƙi iskar tukunya a ƙarƙashin ruwa, ga rana, ga zurfi, ga lokacin da ya hau jirgi. Taimakon farko shi ne oksijin zalla da wuri, a kwantar da shi, a ba shi ruwa idan yana cikin hayyacinsa, a nemi shawarar likitan nutso ta waya. DAN na da layin gaggawa da ke aiki dare da rana. Ko alamun sun lafa bayan oksijin, ba a ɗauka an warke. Wanda kuma ya fara jin alamun tun kafin tafiya, ba shi ba jirgi, ko an cika awa 24, sai likita ya sallame shi.

Tunda an ambaci amosanin jini, ya kamata a faɗa a fili: mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya ko kaɗan. A yankin da wannan ciwo ya yawaita, takardar tambayoyin lafiya da ake miƙa wa mutum a shagon nutso ba abin sa hannu a wuce ba ce.

Za a iya cewa ana kambama abu. Yawancin matasan da ke zuwa Hurghada ko Zanzibar nutson gwaji suke yi, malami na riƙe da hannunsu, minti 20 ko 30 a zurfin da bai wuce mita 12 ba, sau da yawa ma rabin haka. Gaskiya ne naitrojin da ake ɗauka a irin wannan kaɗan ce, kuma mafi yawan waɗanda suka karya ƙa'idar suna isa gida lafiya. Daga nan ne ake samun mai cewa shi ya yi nutso da hantsi ya tashi da la'asar bai ji komai ba. Amma a auna abin da ke kowane gefen sikeli. A gefe guda kuɗin ɗaki na dare ɗaya ne, ko ma ba ko sisi idan an tsara tafiyar da kyau. A ɗaya gefen akwai yiwuwar, ko da ƙarama ce, ta shanyewar ƙafafu ga saurayin da gida guda ke jiran abin da zai aiko. Kuma wanda ya ji daɗin nutson farko yakan ƙara na biyu a ranar, ya dawo washegari, ya fita daga layin awa 12 ya shiga na 18 bai sani ba. Lissafin awa 24 ya fi sauƙin riƙewa: wanda ya fito daga ruwa da azahar, ba ya tashi sai azahar ɗin gobe ta wuce. Ana fara ƙirga ne daga lokacin da kai ya fito daga ruwa a nutson ƙarshe. Agogon nutso da ake ɗaurawa a hannu ma yana nuna hoton ƙaramin jirgi da awoyin da suka rage, amma ɗan gwaji ba kasafai ake ba shi agogon ba.

Wani abin da ake mantawa shi ne dutse ma jirgi ne a wannan lissafi. Ƙa'idar ta shafi duk wani hawa da ya wuce kimanin mita 600. Alhazai da masu Umara suna son ziyarar Ɗa'ifa, garin da ke kan tsaunuka a tsayin kusan mita 1,800, tafiyar 'yan awoyi daga Jidda. Wanda ya yi nutso a Bahar Maliya da safe ya hau motar Ɗa'ifa da yamma, jikinsa bai san bambancin mota da jirgi ba. Haka a Masar, ana ɗibar baƙi daga Sharm el-Sheikh da dare zuwa Dutsen Sinai, mai tsayin mita 2,285, don su ga fitowar rana a samansa, kuma Musulmi na ɗokin zuwa saboda tarihin Annabi Musa. Mai dawowa daga Zanzibar ta Addis Ababa kuwa, ko ya sauka daga jirgi bai sauko ba, domin birnin kansa yana sama da mita 2,300, awoyin jiran jirgi na biyu duk a kan tsauni zai yi su. Ko Jos ta kai kusan mita 1,200.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Nutso bayan sauka daga jirgi ba shi da wannan matsala ta naitrojin, in dai mutum ya huta ya sha ruwa. Don haka a sa nutso a farkon tafiya ko tsakiyarta, a bar ranar ƙarshe ga kasuwa da tsaraba da ɗaure kaya. Abin takaici shi ne ɗabi'ar matafiyi ta saba wa haka: sai ya gama sayayya, ya ga saura kwana ɗaya da ɗan canji a aljihu, sannan ya ce bari ya gwada abin da ya gani a bidiyo. Shagunan nutso na kirki suna tambayar ranar tafiya, su ƙi karɓar kuɗin wanda lokacinsa ya ƙure. Amma a bakin teku akwai 'yan kamasho da ba ruwansu da wannan, ga kuma matsalar harshe: bayanin da takardar duk da Ingilishi ne ko Larabci, ɗan Nijar kuwa da Faransanci ya yi karatu, idan ya yi.

Nan ne nauyi ya hau kan kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Yamai da Maraɗi da Kano da Abuja, da masu tallata musu a shafukan sada zumunta. Wanda ya iya rubuta wa abokin ciniki nauyin kayan da jirgi ya yarda da shi da ranar ƙarewar biza, zai iya ƙara layi ɗaya da Hausa da Faransanci cewa ba a nutso a awa 24 na ƙarshe. Wanda ya tsara jadawalin mako guda ya sa nutso a rana ta shida, jirgi da asubar ta bakwai, ya sayar da haɗari ne a cikin kunshin. Masu bidiyo da dubban mabiya su ma, tunda sun iya faɗin farashin otal da sunan gidan abinci, ba abin da zai rage musu idan sun faɗi wannan.

Akwai wani rukuni da ba ya fitowa a Instagram, kuma shi ya fi kusa da 'yan bidar Tawa. A kogunan da ake haƙar zinariya a Mali da Gini da Kwaddibuwa, irin su Faleme da Bagoe da wasu sassan kogin Neja, ana aiki da kwale-kwale masu injin zuƙo yashi. Mutum ne ke sauka ƙasan kogi riƙe da bakin bututun, da wata siririyar tiyo a bakinsa da ke kawo masa iska daga injin matsi da ke sama. Zurfin ba ya kai na teku, amma awoyin suna da yawa, kullum ne, ba agogo, ba jadawali, ana biyan mutum gwargwadon abin da aka samu. Iskar da yake shaƙa matsattsiya ce, dokar kwalbar lemo na aiki a kansa kamar yadda take aiki a kan Bature a Maldives, ga ƙarin haɗarin hayaƙin inji da ke iya biyo tiyon. Matashin da zazzaɓin zinariya ya kai Jado ko Cibarakaten ko Ɗan Isa yana iya tsintar kansa gobe a bakin irin wannan kogi, a ce masa aikin ruwa ya fi na rami kuɗi. Yawancinsu da mota suke komawa gida, amma idan saƙon rasuwa ko na rashin lafiyar iyaye ya zo, akan yi karo-karo a saya wa mutum tikitin Bamako zuwa Yamai a ranar. Ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna waɗannan ƙasashe, waɗanda su ne ke haɗa kuɗin tikitin, su ne kuma suke da damar tambayar sa yaushe rabonsa da shiga ruwa kafin su zaɓa masa jirgi.